Wasannin Amurka a Idon 'Yan Kallon Wasu Ƙasashe: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar Fabrairu ta kama, sai hotunan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafar Amurka, su cika mana wayoyi, a watan Yuni kuma a hau maganar wasannin ƙarshe na NBA, gasar ƙwallon kwandon Amurka. A irin wannan lokacin ne ake tsare ni da tambayoyi a majalisa da gidan kallo, don an san ina da jarabar hana idona barci a kan wasannin da ba namu ba. Tambayoyin ba sa canjawa, kuma su ne dai ɗan Ingila da Bajamushe da ɗan Indiya ke yi in an zo maganar. Ga su nan na tara, na fara da masu sauƙi.

Wai waɗanne ne ake kira wasannin Amurka?

Manyan guda huɗu ne, kowanne da gasarsa. Akwai ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ake yi da hular kwano da sulken kafaɗa, gasarta ita ce NFL mai ƙungiyoyi 32. Akwai ƙwallon kwando ta NBA mai ƙungiyoyi 30, sai besbol ta MLB ita ma 30, sai hoki na kan ƙanƙara, wato NHL, mai 32. A cikin gida NFL ce sarauniya, babu na biyunta a kuɗi da yawan 'yan kallo. Da ka tsallaka iyaka kuwa sai lissafin ya kife: kwando ce duniya ta runguma, besbol ta samu wasu ƙasashe ƙalilan da suka riƙe ta da hannu bibbiyu, ita kuwa sarauniyar, kallonta ake yi daga nesa kamar hawan sallar wani gari.

'Yan Kanada ma suna da ƙorafi a kan sunan. James Naismith, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts, mutumin Kanada ne, kuma a birnin Montreal aka kafa NHL a 1917.

Me ya sa suke ce wa wasan da ake yi da hannu ƙwallon ƙafa, tamu kuma su ce mata soka?

Wannan ce tsokanar farko da kowa ke musu, amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. A Ingila ta ƙarni na 19 wasanni da yawa ne ke amsa sunan futbol, wasu ana ɗaukar ƙwallo da hannu, wasu ba a ɗauka. Da aka kafa hukumar FA a 1863 sai hanya ta rabu biyu, tamu ta bi tata, zari-ruga ta bi tata. Kalmar soka ɗin ma ɗaliban Ingila ne suka yanko ta daga sunan hukumar, don a bambanta wasan da zari-ruga. Jami'o'in Amurka, waɗanda suka fara karawa a 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, daga baya sun karkata ga salon zari-ruga, suka yi ta sauya dokoki har wasan ya zama nasu, sunan futbol kuma ya zauna masa. Duk ƙasar da ke da tata futbol ɗin ta gargajiya, kamar Ostireliya da Ayilan, za ka ji ana ce wa tamu soka.

Mene ne ke gundurar baƙo a kallon NFL?

Tsaye-tsaye. Na taɓa lallaɓar mai gidan kallon unguwarmu ya bar mana janareta a kunne a daren Super Bowl, muka yi karo-karo muka biya kuɗin mai. Mu 12 muka zauna da ƙarfe 12:30 na dare, kafin hutun rabin lokaci saura mu 4. Wani abokina ɗan Chelsea ya yi ta ƙirga abin da ke faruwa: a ruga na daƙiƙa biyar, a danne mutum, alƙali ya busa, a koma gefe a haɗa kai ana ƙus-ƙus, sai a sako tallar mota. Da ya miƙe yana karkaɗe riga sai ya ce, "Malam, wannan ai taron shawara ne da ake ɗan taɓa kokawa a tsakani."

Bai yi ƙarya ba. Agogon wasan minti 60 ne, an raba shi gida huɗu, amma ana shafe sama da awa 3 kafin a tashi. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa aunawa a 2010, ta ce lokacin da ƙwallo ke motsi da gaske bai wuce kimanin minti 11 ba. Ga wanda ya saba da minti 45 ba tsayawa, wannan azaba ce.

Sai dai wanda ya gane dokar zai ga cewa a cikin tsayawar ne wasan yake. Ana ba ƙungiya dama 4 ta ci gaba da yadi 10. In ta yi, a sake ba ta wasu 4, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Saboda haka kowace tsayawa kamar zaman dara ce: wannan koci na ƙoƙarin karanta abin da wancan ya ɓoye. Ni kaina sai da na shekara biyu ina kallo kafin na daina bin ƙwallo da ido na koma kallon yadda ake jera mutane kafin a fara. Yawancin baƙi ba sa yin haƙurin kaiwa nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Gaskiya ne Super Bowl ya fi kowane wasa 'yan kallo a duniya?

A'a. A cikin Amurka ne ba shi da sa'a. Wanda aka yi a Fabrairun 2025 tsakanin Philadelphia Eagles da Kansas City Chiefs ya samu kimanin mutum miliyan 127 a can gida, kuma tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 8. Wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2022 kuwa, Ajantina da Faransa, FIFA ta ce kusan mutum biliyan 1.5 ne suka gan shi. Da yawa daga masu leƙa Super Bowl a waje ma ba don wasan suke zuwa ba, casun mawaƙa na hutun rabin lokaci suke jira, washegari su ga gutsattsarinsa a waya.

To su wa ke cika filaye idan NFL ta je Landan ko Jamus?

Masoya ne na gaske, ba hayarsu aka yi ba, sai dai kallon nasu daban ne. Tun 2007 ake kai wasan kaka Landan, aka fara da New York Giants da Miami Dolphins a Wembley cikin ruwan sama da caɓi, daga 2019 kuma aka ƙara da filin Tottenham, wanda tun wurin gini aka yi masa shimfiɗar NFL a ƙarƙashin ciyawar. In ka dubi 'yan kallon za ka ga rigunan kusan dukkan ƙungiyoyi 32, alhali biyu ne ke wasa. Biki aka zo, ba yaƙin kare gida ba.

Jamus ce ta fi ba da mamaki. Sansanonin sojan Amurka da suka zauna a can bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun bar iri, kuma lokacin da aka rufe gasar NFL ta Turai a 2007, biyar daga ƙungiyoyinta shida a Jamus suke. Da aka kai wasa Munich a 2022, da tauraron NFL Tom Brady a fili, tikiti ya yi wuyar samu. Meziko ma tsohuwar masoyiya ce, jami'o'inta na buga wasan, kuma a 2005 sama da mutum 103,000 suka shiga filin Azteca. An je Sao Paulo a 2024, a 2025 kuma Dublin da Berlin da Madrid.

Kallo daban, bugawa daban. Ƙungiyar NFL na riƙe 'yan wasa 53, kowanne da kayan kariya masu tsada, ga koci-koci rututu. Yaron unguwa ba zai haɗa wannan da duwatsu biyu da ƙwallon roba ba. Shi ya sa NFL ta koma tallata wani sassauƙan salo da ake fizge ƙyalle daga ƙugu maimakon kayar da mutum, kuma an sa shi a wasannin Olamfik na Los Angeles na 2028.

Masu zari-ruga na musu ba'a cewa ragwaye ne shi ya sa suke sa sulke. Haka ne?

A Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da Wales wannan ba'ar ba ta tsufa. Amma hular kwanon ita ta sa ake karo da kai da gudu kamar raguna, abin da mai zari-ruga ba zai yi ba don yana tsoron kansa. Wanda ya fallasa illar hakan likita ne ɗan Najeriya, Bennet Omalu. A 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers da ya rasu bayan shekaru na ruɗewa, ya gano cutar da yawan buguwar kai ke haddasawa, ya wallafa a 2005. NFL ta yi ta musantawa, sai a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. Tun daga nan iyaye da yawa, a waje da cikin Amurka, ke kallon wasan da ɗar-ɗar.

Me ya sa kwando ta karɓu ko'ina?

Arha da sauƙin ganewa. Ƙarfe ɗaya a jikin bango da ƙwallo sun isa, mutum ɗaya ma zai iya yini yana jifa, kuma ko kakarka ta gane cewa in ƙwallo ta shiga an ci. Sannan ta fita da wuri: ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA ta kai ta Sin tun 1895, Filifins kuma ta same ta a zamanin mulkin Amurka. A yau a Manila ana rufe lungu a buga kwando da silifas, kuma gasarsu ta ƙwararru, PBA, tun 1975 take. A Lituweniya har cewa ake yi kwando ce addini na biyu, Sabiya da Girka ma ba a bar su a baya ba.

Abin da ya mayar da NBA kanta kayan duniya shi ne Olamfik na Barcelona a 1992, inda Michael Jordan da Magic Johnson da Larry Bird suka sa riga ɗaya, abokan karawarsu na neman ɗaukar hoto da su. Shekara goma bayan haka Houston Rockets ta ɗauki Yao Ming ɗan ƙasar Sin, sai Sin ta zama babbar kasuwa. Kasuwar nan tana da ƙaya: a Oktoban 2019 manajan Rockets, Daryl Morey, ya rubuta saƙon goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong a Twitter, nan take gidan talabijin na gwamnatin Sin ya daina nuna wasannin NBA, aka daɗe ana lallashi.

Har yanzu Amurkawa ne suka fi kowa iya kwando?

A tarin gwanaye, e. A kan gwani ɗaya tilo kuwa, magana ta canja. Daga 2019 zuwa 2025, shekara bakwai a jere, babu haifaffen Amurka da ya zama gwarzon NBA na shekara: Giannis Antetokounmpo na Girka sau 2, Nikola Jokic na Sabiya sau 3, Joel Embiid haifaffen Yawunde sau 1, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. Ajantina ta fitar da Amurka a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin 2004, a Kofin Duniya na kwando na 2023 kuma Jamus ce ta ɗauka, Amurka ta ƙare ta huɗu.

Masoyan kwando na Turai suna da wani ra'ayi da suke riƙe da shi ƙam: wai NBA baje kolin gwaninta ce, tasu kuma wasan haɗin kai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasan NBA minti 48 ne, na yawancin sauran duniya 40, kuma kakar NBA wasa 82 ce, don haka a tsakiyar kaka za ka ga taurari na tsaron gida kamar an tilasta musu. Amma in aka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na bazara, wannan zargin ba ya tsayawa.

Me ya sa wanda ya ci gasar cikin gida yake kiran kansa zakaran duniya?

Babu abin da ke ƙona ran baƙo irin wannan. Wasan ƙarshe na besbol tun 1903 sunansa World Series, alhali ban da Kanada ba wata ƙasa da ke da ƙungiya a ciki. A Agustan 2023, ɗan tseren Amurka Noah Lyles, bayan ya ci zinare a gasar duniya a Budapest, ya tambayi 'yan jarida: zakarun duniyar me, Amurka? Taurarin NBA suka yi masa ca, sauran duniya ta tafa masa. Bayan 'yan makonni Jamus ta doke Amurka a Kofin Duniya na kwando, sai dariya ta koma gidan Lyles.

Hujjar Amurkawa ita ce duk gwanin duniya a gasarsu yake wasa. To ai Firimiya ma haka take taƙama, amma ko Manchester City ba ta kira kanta zakarar duniya ba sai da ta je ta ci kofin da ke da wannan sunan.

Besbol fa, akwai wanda ya damu da ita a waje?

Akwai, har wasu sun fi Amurkawan zafi. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya kai ta Japan a 1872, kuma yau tana cikin wasannin da suka fi farin jini a ƙasar. Gasar 'yan sakandare da ake yi a filin Koshien duk bazara, wadda ta samo asali tun 1915, ana nuna ta kai tsaye a talabijin, kuma yaran da aka fitar kan durƙusa suna kuka suna kwasar ƙasar filin a jaka su tafi da ita gida. 'Yan kallon Japan na zuwa da ganguna da kakaki, kowane mai bugu da waƙarsa, kuma a gasarsu ana iya tashi canjaras, abin da MLB ba ta yarda da shi ba. Japan ta ci gasar besbol ta ƙasashe a 2006 da 2009 da 2023. A ta 2023 ɗin Japan ta doke Amurka 3 da 2, Shohei Ohtani ya rufe wasan da fitar da abokin wasansa na kulob, Mike Trout. A ƙarshen shekarar Los Angeles Dodgers ta ba Ohtani kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10.

A Kuba ɗalibai ne suka dawo da ita daga Amurka a shekarun 1860, 'yan mulkin mallakar Sifaniya suka hana ta, sai buga ta ya zama alamar neman 'yanci. Castro ya yi faɗa da Amurka shekara da shekaru amma bai hana buga besbol ba. A Jamhuriyar Dominika kuwa hanyar fita daga talauci ce: dukkan ƙungiyoyin MLB 30 suna da makarantar horar da yara a can, kamar yadda namu ke mafarkin Turai.

Inda kurket ta riga ta kafa sansani, irin su Indiya da Pakistan da Ingila, besbol ba ta samun wurin zama. Bature ɗan Ingila kan ce ai wasan 'yan firamare ne da suke kira rawundas aka sa wa wando. Da aka kai Yankees da Red Sox filin West Ham a 2019, wasan farko ya tashi 17 da 13 bayan kusan awa 5. Mutumin da ke iya kallon kurket na kwana biyar ne ke cewa wannan ya yi tsawo.

Da gaske ne ba a faɗuwa daga gasa? To me ke sa na ƙasan teburi ya dage?

Da gaske ne, kuma a ganina nan ne ainihin saɓanin yake, ba a wasannin kansu ba. Gasar Amurka rufaffen kamfani ne na masu ƙungiyoyi. Babu 'yan dagaji, babu mai hawowa daga ƙasa. In kana son shiga sai ka sayi gurbi da biliyoyin daloli. Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne na ƙarshe lada ake ba shi: shi ke fara zaɓen sabbin matasan da suka fito daga jami'a. A NBA ƙuri'a ake jefawa tsakanin waɗanda suka gaza, kuma mafi lalacewa na cikin masu babban rabo. Sakamakon haka wata ƙungiyar kan zubar da kaka da gangan. Philadelphia 76ers ta NBA ta yi haka shekaru a jere, har a kakar 2015 zuwa 2016 ta ci wasa 10 aka doke ta 72, wasu magoya bayanta na murna.

Ka faɗa wa ɗan Sai Masu Gida wannan, wanda ya ga yadda gari ya yi tsit da Kano Pillars ta faɗa a 2022, da yadda aka yi murnar dawowarta a 2023. Ko ɗan Luton, wadda ta taso daga wajen manyan rukunai huɗu na Ingila har ta shiga Firimiya a 2023. Ga irin waɗannan mutane, wasan da ba a tsoron faɗuwa miya ce ba gishiri.

Su ma Amurkawa suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Da zaɓen matasa da ƙayyade albashin da kowace ƙungiyar NFL za ta kashe, mai kuɗi ba ya saye kofi. Green Bay, garin da bai fi mutum dubu 100 da 'yan kai ba, yana gogayya da New York. Sai su tambaye ka: ina daɗin gasar da Bayern Munich ta ci sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023? Abin dariyar shi ne ƙasar jari-hujja ce ke raba arziki daidai tsakanin ƙungiyoyi, Turai kuma ta bar kowa tasa ta fisshe shi. Ɗan wasa ne ke biyan farashin: ana iya musayarsa ba da saninsa ba, kamar yadda Luka Doncic ya tsinci kansa a Lakers cikin dare a Fabrairun 2025.

Me ya haɗa wannan da masu Arsenal da Man United da Liverpool?

Masu su Amurkawa ne, kuma a wancan tsarin suka taso. Stan Kroenke na Arsenal shi ne mai Los Angeles Rams da Denver Nuggets. Iyalan Glazer na United su ke da Tampa Bay Buccaneers. John Henry na Liverpool shi ne mai Boston Red Sox, Todd Boehly da ya shigo Chelsea a 2022 kuma yana da hannun jari a Dodgers. A can, ƙungiya dukiyar mai ita ce, yana iya naɗe ta ya kai wani gari: Dodgers ta bar Brooklyn a 1958, Seattle ta wayi gari ba ƙungiyar NBA a 2008, Kroenke da kansa ya kwashe Rams daga St. Louis a 2016. A Ingila sau ɗaya aka yi irin wannan da ya yi ƙaurin suna, da aka mayar da Wimbledon garin Milton Keynes, magoya baya suka kafa tasu daga tushe, har yau ba a yafe ba.

Shi ya sa da ƙungiyoyi 12 suka sanar da gasar Super League a Afrilun 2021, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa ba, magoya baya suka ce an zo a mayar da su Amurka. Cikin kwana biyu abin ya rushe, kuma a farkon Mayu magoya bayan United suka kutsa Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Don adalci, shugaban tafiyar Florentino Perez ne na Real Madrid, ba Ba'amurke ba. Dubi amsar da ke sama a kan faɗuwa daga gasa don ganin abin da ake tsoro.

Yaya baƙi ke ganin yanayin filin wasa a Amurka?

Abu uku ke ba su mamaki. Ana rera taken ƙasa kafin kowane wasa, ko da na ƙungiyoyin gari ɗaya ne, a manyan ranaku har jiragen yaƙi ke shawagi. Allon fili ne ke gaya wa mutane lokacin ihu. Sannan magoya bayan ɓangarori biyu na zama a cakuɗe suna cin abinci, ba shingen 'yan sanda. Wanda ya ga yadda ake kunna wuta da waƙa ba ƙaƙƙautawa a wasan kwando na Partizan da Red Star a Belgrade, ko Panathinaikos da Olympiacos, zai ce na NBA gidan biki ne. Mai zuwa da 'ya'yansa kuma zai ce a bar shi da gidan bikin.

Zafin da ake nema yana jami'o'i. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar sama da mutum 107,000, ya fi Wembley da Camp Nou, kuma wasan ɗalibai ake zuwa kallo. Jami'a ba ta ƙaura, shi ya sa gabar ta gado ce.

Mu fa a Afirka, ina muka tsaya?

Mun fi ba su 'yan wasa fiye da 'yan kallo. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya fara da tsaron raga, shi aka fara zaɓa a 1984, gaban Jordan da ya zo na uku. Ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, kuma yana buga wasa da azumi a bakinsa. Masai Ujiri, wanda ya haɗa tawagar Toronto Raptors da ta ci kofi a 2019, a Zariya ya tashi, a can ya koyi kwando. Iyayen Giannis 'yan Najeriya ne. A NFL akwai Christian Okoye na Enugu, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989. NBA ta buɗe gasar Afirka, BAL, a Kigali a 2021, a shekarar kuma D'Tigers, tawagar kwandon maza ta Najeriya, ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas. A 2024 Sudan ta Kudu ta sha kashi a hannun Amurka da maki ɗaya tak, 101 da 100, D'Tigress, ta matan Najeriya, kuma ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na Paris.

Amma a gidan kallo Firimiya da Laliga ne ke da allo. Abin da ya fi shiga cikinmu kayan sawa ne. Leƙa kasuwar gwanjo ka ƙirga rigunan Lakers da Bulls, ka kuma tambayi mai hana-salla mai tambarin NY ko ya san hular ƙungiyar besbol ce ta Yankees. Na tambayi wani ɗan acaɓa, ya ce shi dai ya ɗauka sunan kamfanin hula ne.

Resilin ma yana cikin lissafi?

In dai yawan masoya a ƙasar Hausa ne ma'auni, ya fi NFL da besbol a haɗe. Sai dai tsararren wasa ne, an san mai nasara tun kafin a hau. Babban kamfanin resilin da ya zama WWE da kansa ya faɗi haka ga hukumomin jihar New Jersey a 1989 don ya kuɓuta daga dokokin wasanni. Faɗuwar da raunin na gaske ne. Har yau in ka faɗi wannan a gidan kallo akwai wanda zai ce hassada ce. Mai son dukan gaske, irin na dambe, ya koma gasar faɗa ta UFC, inda Kamaru Usman da Israel Adesanya da Francis Ngannou na Kamaru suka riƙe kambu a lokaci guda.

Hoki na kan ƙanƙara fa?

Na ƙasashen sanyi ne: Kanada, Rasha, Suwidin, Finlan, Cek. Su ba sa ganinsa na Amurka, kuma 'yan Kanada na jin zafin cewa tun 1993, da Montreal ta ci, kofin Stanley na gasar NHL ya yi ta zama a hannun ƙungiyoyin Amurka, har da na Florida inda ƙanƙara sai a firji.

In ina son gwadawa, da wanne zan fara, kuma ƙarfe nawa?

Fara da kwando, don ba ta buƙatar mai fassara. Matsalar lokaci ce. Wasan NBA na gabashin Amurka kan fara wajen 1:00 zuwa 1:30 na dare agogon Najeriya da Nijar, na yamma irin su Lakers da Golden State kuma wajen 4:00 zuwa 4:30, ka yi Asuba ka dawo ka tarar ana zango na biyu ko na uku. Mutanen Gana su rage awa ɗaya, na Sudan su ƙara ɗaya.

NFL ta fi sauƙi ta wannan fuskar. Wasannin farko na ranar Lahadi na farawa 6:00 na yamma a Satumba da Oktoba, 7:00 daga Nuwamba, na Landan kuma galibi 2:30 na rana. Kada ka fara da Super Bowl kamar yadda na yi wa abokaina, tallarsa ta fi ta kowane wasa yawa. Nemi taƙaitaccen wasa a YouTube, wanda aka yanke tsaye-tsayen, ka riƙe dokar dama 4 da yadi 10 da aka yi bayani a amsa ta uku, sannan ka zauna kusa da wanda ya iya, ka sayo masa shayi.